Ƙudan da Ya Ƙi Gogewa

Wanda ake kira Kamar-Hoto maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta fi ta baki muni, domin da hannu yake yin ta, ya sa mata suna a ƙasa, ya rataye ta a bangon mutane. Bai saci akuyar kowa ba, bai fasa shagon kowa ba. Yabo ya sata, wanda ya kamata a yi wa masu haƙuri, ya yi shekaru yana ci bai shaƙe shi ba.

Sana'arsa, a faɗarsa, zanen fuska da fensir, irin zanen nan da ke fito da mutum har da maiƙon goshinsa. Mai yin wannan aiki da gaske yakan shafe makonni a kan fuska ɗaya. Yakan fara da fensir mai tauri wanda da kyar ake ganin sawunsa, ya bi da mai laushi, ya murje da auduga, ya sake bi. Ramukan fatar hanci ɗaya bayan ɗaya yake ɗiga su. Furfura kuwa ba zana ta ake yi ba, cire ta ake yi: a fiƙe robar goge fensir da reza har ta yi tsini, a riƙa tsage baƙin da ita sili-sili. Yakan sa farar takarda ƙarƙashin tafin hannunsa don kada gumi ya ɓata aikin jiya. Kafin ya gama ido ɗaya nasa idon ya yi ja.

Shi kuwa Kamar-Hoto, in ka tura masa hotonka a waya, sai ya ce ka dawo bayan wata guda, kuma ka sa shi a addu'a. Kafin ka kai bakin titi ya zagaya ta baya wajen Mai Kwafi, wani mai injin buga takardu a ƙarshen layi, wanda bai damu da abin da ake bugawa ba muddin ba a ce ya karanta ba. A mayar da hoton baƙi da fari, a dusashe shi, a buga a takarda mai kauri irin ta masu zane. Sai ya kawo gida ya bi duhu-duhun da fensir mai laushi, hula da gemu da inuwar wuya, ya barbaɗa garin fensir a gefe ya murje. Aikin yini ɗaya ne, har da barcin rana.

Sauran kwanakin watan na wasan kwaikwayo ne. Ya shafa baƙi a yatsunsa kafin ya fito. Ya riƙa dafe ƙeya yana cewa aiki zai kashe shi. Ya jera fensira a tebur daga babba zuwa ƙarami kamar 'ya'yan gida ɗaya za su ɗauki hoto. Ya jingina waya ya ɗauki bidiyon hannunsa yana ƙara gashin ido ɗaya a kan idon da inji ya riga ya gama. Duk wanda ya ga aikin abu ɗaya yake faɗa: kamar hoto. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce baiwa ce, ba iyawarsa ba. A nan ya samo sunan, kuma mutane ba su san gaskiya suke faɗa ba, sai dai sun yi mata ƙarin kalma ɗaya.

Abin haushin shi ne yana da hannu. Tun yana yaro in ya zana kare ba a cewa tunkiya ce. Allah ya ba shi hannu, shi kuma ya ƙi haƙuri, sai hannun ya bushe a jikinsa bai sani ba.

Teburinsa yana gaban shagon Baba Mai Firam, mijin gwaggonsa. Tsohon yana yanka gilashi, yana haɗa katako, idonsa ya yi rauni amma hannunsa bai taɓa kuskuren awo ba. Kowane zane aka gama, shi ke rufe shi da gilashi, ya buga ƙananan ƙusoshi a baya, ya liƙe, yana alfahari da ɗan gidansu. Saboda haka babu mai saye da ya taɓa sa yatsa a kan takardar. Ƙaryar tana shiga gidajen mutane cikin riga, ba wanda ya gan ta tsirara. Shekarun nan duka Kamar-Hoto bai taɓa ɗaukar abin yankan gilashi ba, wai kada ya yanki yatsun da al'umma ke buƙata.

Sai tsohon ya rasu. Da makoki ya lafa, makullin shagon ya koma jakar Gwaggo, mace doguwa mai kaifin harshe, wadda ta yi renon Kamar-Hoto yana ƙarami kuma ba ta taɓa barinsa ya manta ba. Ya je gaishe ta da ledar lemo, ya zauna a ƙasa, ya fara zagaye-zagaye. Shagon, in ji shi, bai kamata ya mutu ba. Zai yi masa fenti, ya sa fitilu, ya mai da shi gidan zane, ya ɗauki ɗalibai.

Gwaggo ta ce, "Kai dai ka ce makulli kake so, ka daina kewaya ni kamar kaza za ta yi ƙwai."

"Don sunan Baba ne, Gwaggo."

"To, don sunan nasa, zana mini shi. Ka zana 'yan kasuwa, ka zana amaren mutane, mutumin da ka ci abincinsa ba ka taɓa zana shi ba. In ka dawo mini da shi a takarda, ga makulli. In ba haka ba, akwai masu nema."

Matsalar ita ce tsohon ya tsani kyamara. Hoto ɗaya tak mai kyau aka samu, a wayar Gwaggo, wanda aka ɗauka bai sani ba yana zaune a ƙofar shago bayan ya ci ya ƙoshi, hula ta ɗan zame baya, ido rabi a buɗe. Kamar-Hoto ya karɓa, ya ce a ba shi wata guda, a kuma sa shi a addu'a.

A ranar ya kai aka buga shi, babba, mafi girman takardar da injin Mai Kwafi ke ci. Ana naɗe masa yana ta hira a waya, bai ko duba ba. Ya cusa a ƙarƙashin gado. Ya yi ta yawo da baƙaƙen yatsu yana gaya wa mutane wannan aikin ya fi kowane wuya, domin hawaye na hana shi gani. Bai warware takardar ba sai safiyar ranar da Gwaggo ta ce za ta zo shago.

Da ya shimfiɗa ta a kan gado, sai ga ƙuda. A tsakiyar goshin Baba, inda haske ya fi yawa. A waya ɗigo ne wanda ba mai lura da shi, amma inji ba ya zaɓe, abin da aka ba shi yake faɗaɗawa. Ƙudan ya kai gaɓar babban yatsa, da fukafukansa da ƙafafunsa, ya haɗe hannuwa biyu na gaba kamar mai shirin cin abinci.

Ya sa roba, roba ta zame. Ya ƙara ƙarfi, takarda ta fara sheƙi, ƙuda yana nan. Ya ruga ƙarshen layi don a cire shi a kwamfuta a sake bugawa, ya tarar da shagon Mai Kwafi a rufe, an ce ya tafi sayen kaya sai yamma. Mai hankali a nan zai aika wa Gwaggo cewa aiki bai ƙare ba. Amma maƙaryaci ya fi yarda da bakinsa fiye da komai. Ya tsaya ya kalli ƙudan, sai ya tuna manyan masu zane kan sa ɗigon ruwa ko gumi a fuska don a san sun iya. Ya ɗauki fensir ya ƙara wa ƙudan baƙi, ya yi masa inuwa. Ya cika hula da gemu da sauri, ya sa hannu a ƙasa da ƙaton rubutu. Gilashi kuwa babu, tunda mai yanka shi yana kabari. Ya manna takardar a allon katako, ya rufe da mayafin matarsa.

Da hantsi Gwaggo ta buɗe shagon da kanta. Wurin na warin katako da gam, ɓarɓashin gilashi na nan a ƙasan benci inda tsohon ya bari. Tela na shagon gefe ya shigo da tef a wuya, abokin hirar marigayi ne kuma bakinsa ba ya da birki. Wasu maƙwabta suka tsaya a ƙofa. Kamar-Hoto ya jingina allon, ya yi ɗan jawabi kan wahalar da ya sha, ya janye mayafi.

Ga Baba nan, da jijiyar gefen kansa, da tabon da gilashi ya yi masa a haɓa, da gashin hancin da Gwaggo ta yi shekaru tana faɗa a kai. Gwaggo ta zauna a kan benci a hankali. Ta daɗe tana kallo, hawaye suka zubo ba ta share ba.

Ta ce, "Shi ne. Har da barcin."

Tela ya ce, "Wallahi saura ya ce in dawo masa da gudumarsa."

Sai Gwaggo ta miƙe, ta kaɗa gefen mayafinta a goshin hoton. Ta sake kaɗawa. Ƙuda bai motsa ba.

"Wannan wane irin ƙuda ne mara kunya?"

Kamar-Hoto ya yi murmushin masana. "Zane ne, Gwaggo. Ni na sa shi."

"Kai ka sa shi."

"Da gangan. A fanninmu ba ma ɓoye komai. Ƙudan nan yana nuna duniya ce. Yadda take sauka a kan mutum, ta ɗan zauna, ta tashi. Masu ilimin zane in suka gani za su gane."

Tela ya matso ya leƙa. "Farfesa, wannan duniyar taka kuwa ta ƙoshi. Dubi cikinta."

Gwaggo ta ce, "Ni miji na ce ka zana mini, ba nama a teburin mahauci ba. Mutum yana raye na yi ta kore masa ƙuda, ya mutu kuma ka ɗora masa wanda ba ya tashi? In rataye wannan a ɗakina baƙi su riƙa kai masa mari? Cire shi."

"To, Gwaggo. Bari in kai gida in gyara, gobe in kawo."

"Robar gida ta fi ta nan ci ne? Ga ta can a teburinka, an fiƙe ta kamar za a yi wa mutum allura."

"Ai akwai yanayin da ake buƙata. Haske, natsuwa."

"Ga haske har ya yi yawa. Natsuwa kuma Tela zai yi shiru."

"Ban yi alkawari ba," in ji Tela.

Kamar-Hoto bai motsa ba. Gwaggo ta ɗauki robar da kanta. Mace ce da ta goge tukwane da yawa a rayuwarta, ta san yadda ake fitar da baƙi. Ta dafe allon da hagu, ta shiga goga. Baƙin fensirin da ya ƙara da safe ya fita, inuwar ta fita, ƙudan ya yi fari-fari kamar ya yi rashin lafiya, amma yana nan da ƙafafunsa cif. Ta hure, ta sake. Haka.

Tela ya karɓi robar ya ce bari namiji ya gwada. Da yake ɗan neman magana ne, bai tsaya a ƙuda ba, ya kai goga gefen hula. Baƙi ya fita, ga wata hula a ƙasa, da ɗinkinta da komai. Ya goge gefen gemu, ga wani gemu a ƙasa.

Ya ja baya. "Gwaggo, maigidanki ya ƙi tashi. Da ma haka yake in ya sami kujera."

Masu tsaye a ƙofa suka fara matsowa. An ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, kuma Kamar-Hoto ya naɗe tasa da hannu biyu. Ya dafe ƙirji, ya zaro ido, ya sassauta murya.

"Gwaggo, kin ga abin da nake gani? A duk aikina ban taɓa ganin fensir ya ƙi roba ba. Wannan ba daga ni ba ne. Baba bawan Allah ne, ba mu san matsayinsa ba sai yanzu. Wannan karama ce."

Wata mata a ƙofa ta fara salati. Wani ya ɗaga waya zai ɗauka.

Gwaggo ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa. "Karama. Mutumin da ke ɓoye sigari a gwangwanin ƙusa yana rantse mini ya daina? Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ni na wanke masa kaya, na san iyakar waliccinsa. To, na ji, shi waliyyi ne. Ƙudan fa? Shi ma waliyyi ne?"

Tela ya zauna a ƙasa don dariya. Matar da ke salati ta tsaya a tsakiya.

Daga nan Gwaggo ta yi abin da kowace uwa ke yi in ta ga datti ya ƙi fita a fuskar nata. Ta lashi babban yatsanta, ta danna a goshin mijinta, ta murza.

Ƙudan ya narke. Amma bai narke baƙi ba. Ya bazu shuɗi a gefe ɗaya, ja-ja a ɗaya gefen, da wani ɗan rawaya a tsakiya, ya gangaro zuwa girar tsohon. Gwaggo ta ɗaga yatsanta ta duba. Ta nuna wa Tela.

Tela ya share hawayen dariya. "Wannan ai zuba yake, irin na yadi mai araha. Farfesa, ba ka jiƙa shi da gishiri ba?"

Gwaggo ta taka zuwa teburin, ta tsaya a kan fensiran da aka jera. Ta ɗaga ɗaya, ta ajiye. Ta ɗaga wani.

"Nuna mini mai shuɗin a cikinsu."

"Gwaggo, wani lokaci sinadarin takarda..."

"Nuna mini mai jan."

Bai nuna ba. Gumin da ya yi shekaru yana ƙaryar yi ya zo masa na gaske, har yana ɗiga daga haɓa.

Duk da haka ba ta yanke masa hukunci a tsaye ba, kuma wannan adalci ne da bai cancanta ba. Ta shiga bayan benci ta zaro farin kwali daga cikin waɗanda tsohon ke sa wa bayan firam, ta duba gaba da baya, ta lashi yatsa ta gwada, ta ajiye masa. Ta buɗe hoton a wayarta ta jingina a gwangwanin ƙusa.

"Zauna. Ga babanka, ga fensir. Ban ce ka yi gashin hanci ba. Ka yi mini wanda zan gane. Ba na sauri."

Ya zauna. Ya zaɓi fensir, ya fiƙe, ya canza wani, ya fiƙe. Ya ja da'ira, ya goge. Rana ta tsallake ƙofar shago, masu kallo suka je suka ci abinci suka dawo. Ido ɗaya ya hau sama da ɗan'uwansa. Ya gyara, hanci ya karkace. Ya bi hanci, baki ya tsere gefe. Kunnuwa suka fito kamar hannayen tukunya. Ya yi ta murzawa da auduga ko duhu zai rufa masa asiri, fuskar ta koma kamar ta wanda ya leƙa cikin murhu.

Gwaggo ta ɗauki kwalin ta juya shi ga mutanen ƙofa. "Wa kuka gani?"

Wani dattijo mai sayar da kwanuka ya karkata kai ya ce, da zuciya ɗaya, "Mutum ne dai, ko?"

Tela ya ce, "Ni na gane shi. Wannan shi ne ke zuwa mini a mafarki in na ci wake da yawa."

A nan Kamar-Hoto ya saki. Ya ce inji taimako kawai yake yi, kowa haka yake yi yanzu, zamani ne, mutane sakamako suke so ba wahala ba. Ya ce ai ta ga Baba, ta yi kuka, to mene ne bambancin?

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hoton yana wayata, kullum ina ganinsa, ban taɓa kuka a kansa ba. Na yi kuka yau ne don na zaci wani ya zauna wata guda yana kallon fuskar mutumin nan, tabo bayan tabo, ya ga abin da na gani. Ashe ko sau ɗaya ba ka dube shi ba, har ƙuda ya kwana a goshinsa ba ka sani ba. Ka sa ni kuka a gaban inji, a gaban Tela."

"Ni ban ga komai ba, Gwaggo," in ji Tela, kuma a karon farko bai yi dariya ba.

Ta miƙa wa Kamar-Hoto fensir. "Sa hannu a wannan. Da ƙaton rubutun nan naka. Shi ne naka."

Ya sa.

Labari ba ya buƙatar mota. Kafin yamma duk wanda ya taɓa sayen zane a wurinsa ya sauke firam daga bango, ya ɓanɓare ƙusoshin baya, ya lashi yatsa. Amare suka yi shuɗi, 'yan kasuwa suka yi ja, wata tsohuwa ta tarar da jikanta ya yi rawaya. Waɗanda suka zo nemansa ba yabo suka kawo ba.

Gwaggo ta sa aka fitar da teburinsa bakin titi da fensiransa a kai. Ta ba Tela makulli, ya fasa bango ya ƙara kekunan ɗinki biyu. Kwalin da Kamar-Hoto ya zana da hannunsa an buga shi da ƙusa a ƙofar shagon, ta waje, ba gilashi, da sunansa a ƙasa. Ba wanda ya ƙara kawo masa fuska. Yanzu yana shagon Mai Kwafi yana jera takardun da inji ya tofo, a tsaye, don ba a ba shi kujera ba.